Gurabe Biyu A Takardar Jarrabawa: Jarin Da Iyayen Ɗaliban Kimiyya Ke Zubawa Ba Lissafi A Kudancin Kaduna

KAFANCHAN — A watan Satumba na kowace shekara, idan makarantu suka buɗe sabon zango, akan ga iyaye da yara sun cika ofisoshin shugabannin makarantun sakandare a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia. Lokaci ne na rarraba yaran da suka gama ƙaramar sakandare zuwa ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Galibin iyaye buƙatarsu guda ce, wato a sa musu yaro a ajin kimiyya. Da zarar an yi haka sai hankalinsu ya kwanta, su biya kuɗin makaranta, su koma gona ko kasuwa suna ganin magana ta ƙare.

Alhali kuwa da sauran magana. Bayan an lissafa darussan da suka zama tilas ga ɗalibin kimiyya, akan rage masa gurbi ɗaya ko biyu da shi ne zai zaɓi abin da zai cike su da shi. Waɗannan gurabe ne, bayan shekaru uku, sukan yanke hukuncin irin kwasa-kwasan da jami'a za ta yarda ya nema, da waɗanda ƙofarsu ta rufe masa tun bai sani ba. Abin mamaki shi ne, ɗan kasuwar da ba zai biya kuɗin buhun citta ba sai ya zura hannu har gindin buhun ya tabbatar ta bushe, shi ne zai ƙyale yaro ɗan shekara 14 ko 15 ya yi wannan zaɓi shi kaɗai, sau da yawa ma don kawai abokinsa ya zaɓi darasin, ko don an ce malamin ba shi da tsanani.

Yadda ake cike gurabe tara

Ƙa'idar hukumomin jarrabawar kammala sakandare, wato WAEC da aka kafa a 1952 da kuma NECO da ta zo a 1999, ita ce ɗalibin makaranta ya zauna jarrabawar darussa takwas aƙalla, kada kuma su wuce tara. Turanci da Lissafi sun ɗauke biyu. Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, waɗanda su ne ginshiƙan ajin kimiyya, sun ɗauke uku. Saura huɗu ke nan, kuma a cikin huɗun nan ma gwamnati tana da nata rabon, wanda ya sha sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Iyayen da suka yi karatu a ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982 aka kuma yi jarrabawarsa ta farko ta kammala babbar sakandare a 1988, za su tuna cewa a wancan lokaci manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi kowane ɗalibi ya ɗauki harshen Nijeriya guda, da darasi guda daga cikin Adabin Turanci ko Tarihi ko Labarin Ƙasa ko ilmin addini, da kuma Aikin Gona ko wata sana'a. Wato dokar ce da kanta take faɗaɗa wa ɗalibi karatunsa. A 2011 aka shigo da sabuwar manhaja, wadda ta mayar da ilmin zama ɗan ƙasa nagari tilas, tare da sana'a guda daga cikin sana'o'i 34 da aka jera, aka kuma fara jarrabawarsu a 2014. Daga nan ne gurabun da suka rage wa ɗalibin kimiyya suka koma biyu.

A watan Satumba na 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da wani sabon garambawul. An rage sana'o'in zuwa shida, wato harhaɗa da gyaran na'urar lantarki mai aiki da hasken rana, da ɗinki, da kiwon dabbobi, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Darussan tilas na babbar sakandare a wannan tsari biyar ne: Turanci, Lissafi, ilmin ɗan ƙasa da gadon tarihi, fasahar kwamfuta ta zamani, da sana'a guda. Idan aka ɗora darussan kimiyya uku a kan waɗannan biyar, an kai takwas, gurbi ɗaya tak ya rage. Wannan ne ya sa a ƙarshen shekarar aka yi ta cece-kuce a ƙasar nan kan ko an hana ɗalibin kimiyya ɗaukar ilmin Tattalin Arziki, har ma'aikatar ta fito ta bayyana cewa babu dokar da ta hana ɗalibin kimiyya zaɓar darasi daga wani sashe, muddin an yi shawara da makaranta da iyaye. To, 'yancin zaɓi yana nan, sai dai filin ya ƙuntata, don haka kuskure a cikinsa ya fi da tsada.

Darussa huɗu na ƙofar jami'a

Don a gane nauyin al'amarin, sai a dubi yadda ake shiga jami'a. Sharuɗɗa biyu ne manya. Na farko, ɗalibi ya samu kiredit a darussa biyar da suka dace da kwas ɗin da yake nema, a zama ɗaya ko biyu, ko da yake jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu ga mai neman aikin likita. Na biyu, ya ci jarrabawar Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, inda ake rubuta darussa huɗu kacal, wato Turanci da wasu uku, a kan maki 400. Kowane kwas yana da nasa haɗin darussan, kuma an jera su duka a kundin da hukumar ke fitarwa.

Mai neman aikin likita, ko haɗa magunguna, ko digirin jinya, zai rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai neman aikin injiniya zai rubuta Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Darasi ɗaya ne ya raba su, amma ba a iya riƙe duka biyun a shekara guda. Wanda ya bi layin likita bai samu ba, yana iya sauya kwas zuwa wanda ya amince da haɗinsa, kamar kimiyyar ƙananan halittu ko aikin gona, amma injiniya da kimiyyar kwamfuta da zanen gine-gine sun wuce shi a wannan shekara, domin duka suna neman Lissafi.

Gasar kuma ba ƙarama ba ce. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar ba su kai maki 200 ba. A taron tsara manufofi na shekarar an amince da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci ga jami'o'i, amma sanin kowa ne cewa kwasa-kwasan da ake rububi a kansu suna neman abin da ya zarce haka nesa. Bugu da ƙari, Majalisar Kula da Aikin Likita da Haƙori ta Nijeriya tana ƙayyade wa kowace makarantar likita adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Saboda haka a kowane aji na kimiyya da rabinsa ke burin zama likita, kaɗan ne za su samu, sauran kuwa dole su nemi wata hanya. A nan ne gurabun nan da aka raina suke nuna amfaninsu, domin su ne ke nuna ko akwai wata hanyar ko babu.

Ba laifi ba ne iyaye su so ajin kimiyya. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi a ba kimiyya da fasaha kashi 60 cikin 100 na gurabun jami'o'i, a bar wa adabi da makamantansu kashi 40. Har ila yau, tun da aka sanar a watan Oktoba na 2025 cewa kiredit a Lissafi bai zama tilas ga masu neman kwasa-kwasan adabi ba, alhali yana nan tilas ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, ɗalibin da ya riƙe Lissafi da kyau ya ƙara daraja. Abin da ya rage shi ne a san da me za a haɗa shi.

Abin da makarantun gida ke nema

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi zuwa Kaduna, da reshen da ya nufi Jos. Aikin reluwe da makarantun mishan ne suka fara koya wa mutanen yankin cewa takardar shaida dukiya ce. Yau da harkar jirgin ta ja baya, manyan makarantu ne suka zama ɗaya daga cikin abubuwan da ke tara jama'a da kuɗi a yankin, kuma yana da kyau iyaye su san abin da kowacce ke koyarwa.

Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan, inda aka ajiye karatun aikin gona da na kimiyyar muhalli, ciki har da zanen gine-gine, da ƙididdigar kuɗin gini, da kula da gidaje da filaye. A Gidan Waya akwai Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna. A cikin garin Kafanchan akwai kwalejin koyon jinya da ungozoma, da kuma Kwalejin Fasaha ta Tarayya. A Samaru Kataf akwai sashen fasahar aikin gona na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, a Manchok kuma akwai Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya. Daɗin daɗawa, a 2025 gwamnatin tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia zuwa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiki, ta naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta, ta kuma amince da mayar da babban asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa na Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Daga nesa kaɗan akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos, waɗanda suka daɗe suna ɗaukar 'ya'yan yankin.

Idan aka dubi wannan jeri da idon ɗan kasuwa, za a ga cewa kwasa-kwasan da suka fi kusa da gida, waɗanda yaro zai iya yi ba tare da an kashe kuɗin mota da haya mai yawa ba, da dama daga cikinsu suna tsaye ne a tsakanin kimiyya da wani fanni. Mai neman zanen gine-gine ko ƙididdigar kuɗin gini yana rubuta Lissafi da Fiziks, sa'an nan ya ƙara guda daga cikin darussa irin su Kemistiri ko Labarin Ƙasa ko Tattalin Arziki. Mai neman kula da gidaje da filaye yana buƙatar Lissafi da Tattalin Arziki. Mai neman tsara birane yana buƙatar Lissafi da Labarin Ƙasa. Yaron da ya cike gurabunsa da abin da ya fi sauƙin ci yana iya wayar gari ya ga cewa makarantar da ke bayan gidansu ba za ta karɓe shi a kwas ɗin da ya fi dacewa da shi ba.

Citta, ma'adinai da gine-gine

Tattalin arzikin yankin ma yana da abin faɗa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu take fitowa. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin, ta ruɓar da citta tun tana ƙasa, har Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta ƙiyasta asarar da ta haura naira biliyan 12. Iri ya yi ƙaranci, farashi ya tashi, manoma da dillalai da yawa suka shiga bashi. Wannan annoba ta nuna irin mutanen da yankin ke buƙata. Ana buƙatar masanin cututtukan tsirrai da masanin ƙasar noma, waɗanda Bayoloji da Kemistiri ke haifarwa. Ana kuma buƙatar wanda zai iya lissafa asara, ya tsara inshorar amfanin gona, ya rubuta takardar neman rance da banki zai karɓa, ya san ƙa'idojin ingancin kaya na ƙasashen da ake kai cittar. Wannan mutum na biyu shi ne ɗalibin kimiyyar da ya haɗa da Tattalin Arziki.

Haka abin yake a fannin ma'adinai. Wurin haƙar kuza ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928, a yankin da yake cikin Ƙaramar Hukumar Jaba a yau. A 2016 kuma aka sanar da gano ma'adinin nikel a kusa da ƙauyen Dangoma na Ƙaramar Hukumar Jama'a. Duk inda ake maganar ma'adinai, ana maganar taswira, da awon fili, da lasisi, da diyya ga masu gonaki. Idan 'ya'yan yankin ba su karanci ilmin duwatsu da aikin safiyo ba, wasu ne za su zo daga nesa su yi awon, su kuma su tsaya a bakin rami suna aikin lebura. Labarin Ƙasa shi ne darasin sakandare da ke fara koya wa yaro karatun taswira da sanin yanayin ƙasa.

A fannin gini kuwa, kusancin yankin da Abuja, musamman ta ɓangaren Kagarko da Jere, ya sa masu zanen gida da masu ƙididdigar gini da dillalan filaye masu takardar shaida ba sa rasa inda za su nemi aiki.

Awon darussan ɗaya bayan ɗaya

Ilmin Tattalin Arziki shi ne ya fi kowane buɗe sababbin ƙofofi ga ɗalibin kimiyya. Jami'o'i da yawa suna neman kiredit a cikinsa kafin su ɗauki ɗalibi a aikin akanta, ko gudanar da kasuwanci, ko harkar banki, ko shi kansa Tattalin Arzikin. Tun da ɗalibin kimiyya yana riƙe da Lissafi, idan ya ƙara wannan darasi ya zama mai ƙafa a sassa biyu. Ga iyalin da ke da shago ko sito ko motocin dakon kaya, kuma suke fatan yaro ya gaji harkar, amfaninsa bai tsaya ga shiga jami'a ba.

Labarin Ƙasa shi ne abokin tafiyarsa. Wani abu da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne, idan yaro ya haɗa Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa, ya samu cikakken haɗi na uku na jarrabawar JAMB, wato Turanci da Lissafi da waɗannan biyun, wanda jami'o'i da dama ke karɓa a kwasa-kwasan kimiyyar zamantakewa da na gudanarwa da wasu na muhalli. Ke nan yana da layin likita, da layin injiniya, da layi na uku da bai dogara da Fiziks ko Kemistiri ba. Idan a aji na ƙarshe ya gane cewa Kemistiri ya fi ƙarfinsa, ba sai ya koma baya ba.

Ilmin Aikin Gona yana da nasa matsayi. A kwasa-kwasan noma akan karɓe shi a madadin Bayoloji, kuma yaron da ya tashi a gona yakan same shi da sauƙi. Sai dai a sani cewa ba ya maye gurbin Bayoloji ga mai neman aikin likita, kuma ga wanda ya riga ya ci Bayoloji, ƙofofin da yake ƙara buɗewa ba su kai na Tattalin Arziki ba. Ribarsa tana ga wanda ya tabbata noma ko kiwo zai karanta.

Lissafi mai zurfi da zanen fasaha kuwa na mai niyyar injiniya ne, ko zanen gine-gine, ko kwamfuta. Jami'o'i da yawa ba su sa su tilas ba, amma ɗalibin da ya yi su yakan shiga shekarar farko ta jami'a da ƙarfinsa, domin lissafin da ake farawa da shi a can ya riga ya ga kamanninsa. Waɗannan darussa suna ƙara wa yaro zurfi a layi guda, ba sa ƙara masa yawan layuka, don haka sun fi dacewa da wanda ya riga ya san inda ya dosa.

Adabin Turanci shi ne mabuɗin karatun lauya a galibin jami'o'in ƙasar nan. Ɗalibin kimiyyar da zuciyarsa ke rawa tsakanin asibiti da kotu yana iya ɗaukarsa, amma ya sani cewa littattafan da ake karantawa suna cin lokaci, kuma haɗin JAMB na lauya yana neman wasu darussan adabi ko na zamantakewa bayan shi. Gurbi ɗaya ba zai ishe shi ba.

Sai harsuna. Hausa ita ce harshen ciniki tsakanin Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Agworok da sauran al'ummomin yankin, kuma ma'aikacin jinya ko malamin gona da ya iya rubuta ta daidai ya fi isar da saƙo. Faransanci kuma shi ne harshen boko na Nijar da Chadi da Binin da mafi yawan Kamaru, inda fataken Nijeriya ke kai da komo. Darussan addini, na Kirista ko na Musulunci, yara da yawa suna ɗaukarsu don suna samun maki mai kyau, kuma suna da amfaninsu wajen tarbiyya, amma ba kasafai ake ƙirga su a cikin kiredit biyar na kwasa-kwasan kimiyya ba.

Abin da ke hana ruwa gudu

Zaɓi a takarda daban, zaɓi a makaranta daban. Makarantun karkara da yawa ba su da malamin Lissafi mai zurfi ko na zanen fasaha, wasu ma malami guda ne ke riƙe da Fiziks da Lissafi. Yaro ba zai zaɓi abin da ba a koyarwa ba. Don haka tambayar da ya kamata uba ya yi wa shugaban makaranta, kafin ya tambayi kuɗin makaranta, ita ce waɗanne darussa ne ake da malamansu a ƙasa, kuma shekara nawa aka yi ana shigar da ɗalibai jarrabawarsu.

Matsala ta biyu ita ce jinkiri. Hukumomin jarrabawa suna haɗa makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya yi a makaranta da na jarrabawar ƙarshe, kuma makarantu suna tura musu wannan bayani. Saboda haka sauya darasi a aji na ƙarshe ba abu ne mai sauƙi ba, ban da cewa karatun shekaru uku ba ya shiga kai a wata shida. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku ita ce ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa. Kiredit biyar masu kyau sun fi darussa tara da aka ci da ƙyar, musamman da yake jami'o'i da dama suna ba sakamakon sakandare maki a lokacin tantance masu neman shiga. Yaron da ke fama da Fiziks, idan aka ƙara masa Lissafi mai zurfi don a burge maƙwabta, an yi asarar biyu.

Farashin kuskure

A ɗauki misalin mai sayen citta da ɗiyarsa ta nemi aikin likita ba ta samu ba, sa'an nan ta nuna sha'awar aikin akanta don ta riƙe masa littattafan sitonsa. Idan ba ta da Tattalin Arziki a takardarta, sai ta jira jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, a biya kuɗin rajista, a biya mai koya mata darasin da ba ta taɓa yi ba, a sake sayen fom ɗin JAMB. Shekara guda ta tafi aƙalla. Akwai wasu hanyoyin, kamar shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, ko difloma, ko takardar malanta ta NCE, waɗanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye, amma su ma suna cin kuɗi da lokaci, kuma ba sa ɗauke sharaɗin kiredit biyar da suka dace. Ga iyalin da abincinsa ke rataye da damina, shekara guda ta zaman gida takan zama ƙarshen karatu, musamman ga 'ya'ya mata.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. A Ingila ɗalibi yakan taƙaita ga darussa uku kawai a shekaru biyu na ƙarshe kafin jami'a, abin da ya sa zaɓinsu ya fi na nan tsanani. A Jamhuriyar Nijar an saba raba ɗalibai rukuni-rukuni bisa tsarin Faransa na da, wato rukunin A na adabi, C na Lissafi da Fiziks, D na kimiyyar halittu. Ita kanta Faransa ta soke irin wannan rabo daga jarrabawar 2021, ta bar wa ɗalibai su haɗa darussan da suke so. Abin da ya biyo baya shi ne ɗalibai da yawa suka yi watsi da Lissafi, har gwamnati ta mayar da shi tilas a 2023 ga waɗanda ba su zaɓe shi ba. Darasin da ke ciki shi ne, idan aka ba matashi zaɓi ba tare da mai nuna masa hanya ba, sauƙi yakan bi.

Lissafi daga ƙarshe zuwa farko

Hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda kowane ɗan kasuwa ya sani, wato a san kasuwar da za a kai kaya kafin a saye su. Tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare, a zauna da shi a rubuta kwasa-kwasai uku: wanda yake buri, da wanda zai karɓa idan na farko bai samu ba, da wanda ake koyarwa kusa da gida. A buɗe kundin JAMB, wanda ake samu a intanet, a duba sharuɗɗan kowanne a jami'o'in da ake nufi, domin jami'o'i sukan bambanta, kuma sharuɗɗa sukan sauya daga shekara zuwa shekara. A kwatanta da sakamakon yaron na shekaru uku da suka wuce, a ji ta bakin malamansa na Lissafi da kimiyya. Darasin da ya fito a cikin sharuɗɗan kwasa-kwasai biyu daga cikin ukun, wanda kuma makarantar ke da malaminsa, shi ya cancanci gurbin.

Ƙungiyoyin iyaye da malamai, da na tsofaffin ɗalibai, da na masu sayen citta da sauran 'yan kasuwar yankin suna da rawar da za su taka. Ɗaukar nauyin malamin Tattalin Arziki ko na Labarin Ƙasa a makarantar da ba ta da shi, ko gayyato injiniya da akanta da safiyo 'yan asalin gari su yi wa yara bayanin aikinsu sau ɗaya a zango, bai kai kuɗin da iyaye ke kashewa wajen maimaita jarrabawa ba. Sababbin makarantun da aka buɗe a Kachia da Kafanchan za su ɗauki ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan, kuma rabon 'ya'yan yankin a cikinsu zai danganta ne da abin da aka rubuta a takardar zaɓen darussa tun a watan Satumba na shekarar farko ta babbar sakandare.